Babi na Biyar: Sayen Jitar Lantarki ta Hannu

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa don sayen jitar lantarki, kuɗin da suka wuce na jitar koyon yara amma ba su kai na sabuwa 'yar Amurka ba, idonsa kan fara sauka ne a kan abu biyu: sunan da aka rubuta a kanta, da ƙyallin fenti. Masu sayarwa sun san da haka, shi ya sa kafin ka iso an riga an goge ta tas, an jingine ta yadda sunan zai fuskance ka. Abin da wannan babi yake so ya tabbatar shi ne, waɗannan biyun ne suka fi rashin cancantar cin kuɗin mai matsakaicin ƙarfi. Jitar hannu, wuyanta ake saya. In wuyan miƙaƙƙe ne, siraran ƙarafan da ke jere a kansa suna da sauran nama, rodin da ke cikinsa kuma yana juyawa, to duk sauran aibin da ke jikinta na kuɗi kaɗan ne, da yawansa ma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai kawar da shi kafin la'asar. In kuwa wuyan ya tashi daga aiki, ko sunan wa aka rubuta a kai, an tafka asara.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera ta tun asali. Leo Fender, wanda ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950 sannan Stratocaster a 1954, ba makaɗin jita ba ne. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kaliforniya, kuma da tunanin mai gyara ya zauna ya tsara kayansa. Gangar jikin katako ne curarre da aka yanka da inji, wuyan noti huɗu ne suka riƙe shi, kayan wutar Stratocaster kuwa kusan dukansu suna maƙale ne a jikin faifai guda da ake iya ɗagawa gaba ɗaya. Nufinsa, duk abin da ya lalace a kwance shi a sa wani. Kayan wutar su kansu ba su da wani sirri: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, shi ne maɗaukin sauti, sai maburgin ƙara murya da na gyara amo, da makunnin zaɓe, da ramin da ake cusa kebul. A mafi yawan jitoci babu batir, babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wanda ya iya riƙe ƙarfen narka dalma ya iya gyaran su. Aikin da ke buƙatar gwani na musamman, mai kayan aiki na musamman, yana kan wuya ne, kuma irin wannan gwanin ba a kowane gari ake samun sa ba.

Wuyan jita yana ɗauke da kaya dare da rana. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri, in an ɗaure su daidai, suna jan sa da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 45, kuma ba sa sassautawa don an ajiye ta a ɗaki. Katako shi kaɗai, komai taurinsa, a hankali zai rusuna. Saboda haka tun farkon shekarun 1920 kamfanin Gibson ya fara binne rodin ƙarfe a cikin wuya, mai noti a ƙarshensa, wanda in an ɗaure shi sai ya ja wuyan baya ya yi wa tsirkiyoyin turjiya. Ba a so wuya ya miƙe sambal. Ana so ya ɗan lanƙwasa gaba kaɗan don tsirkiya ta sami filin kaɗawa. Gwajin wannan ba ya buƙatar kayan awo. Ka ɗora jitar a cinya kamar za ka kaɗa, ka danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen farko da yatsan hagu, ka danne ta a kan na ƙarshe da yatsan dama, sai ta zama maka miƙaƙƙen magwaji. Yanzu leƙa tsakiya, wajen ƙarfe na bakwai ko na takwas. Ya kamata ka ga ɗan haske siriri tsakanin tsirkiyar da kan ƙarfen. Ma'aunin da kamfanin Fender ke bayarwa kusan rubu'in milimita ne. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen babu rata ko kaɗan, wuyan ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya. In kuwa katin ATM, wanda kaurinsa ya kai kashi uku cikin huɗu na milimita, ya shige a sake, lanƙwasar ta yi yawa. Ko wanne ka gani, bai isa ya sa ka fasa ba tukuna, domin gyaran irin wannan ne aka sa rodin. Abin tambaya shi ne ko rodin yana raye. Ka nemi izinin mai ita, a sassauta tsirkiyoyi, a sa makullin da ya dace, a fara juyawa wajen kwancewa ɗan kaɗan, ƙasa da rubu'in zagaye, sannan a mayar. Rodi mai lafiya yana juyawa da ɗan nauyi, ba ya cijewa. Wanda ya ƙi motsi, ko yake juyawa fayau ba ya kama komai, ko bakin notinsa ya cinye har makulli ba ya zama, ya ba ka amsa. Mai sayarwar da ya ce kada a taɓa rodi sam, shi ma ya ba ka amsa.

Akwai aibin da rodi ba ya magani, shi ne murɗewa. Ka ɗaga jitar, ka sa idonka a saitin kai, ka kalli wuyan har zuwa ganga, gefen dama da gefen hagu. Ƙarafan nan, waɗanda masu sana'ar ke kira firet, ya kamata su jeru a layi ɗaya, kowanne yana ɓoye bayan na gabansa. In ka ga gefe ɗaya ya ɗaga a sama ya sauka a ƙasa, katakon ya murɗe, kuma gyaransa sau da yawa ya fi kuɗin jitar. Daga nan sai a koma kan ƙarafan su kansu. Yawancinsu an yi su ne da gamin tagulla da nikel da tutiya, ƙarfe mai laushi idan aka gwada shi da tsirkiyar ƙarfe da ke gugar sa. Ka ja tsirkiya ta biyu da ta uku gefe, ka duba ƙarafa biyar na farko, inda yatsu suka fi zama. Za ka iya ganin ƙananan ramuka a daidai inda tsirkiyar ke sauka, ko ka ga kan ƙarfen da ya kamata ya zama kumburarre ya baje ya yi faɗi. Ɗan ramin da farce ke ji da ƙyar ba komai ba ne, kuma ƙarfe mai tsayi yana jure a goge shi a daidaita sau ɗaya ko biyu. Amma in an riga an goge su har sun kusa kwantawa da katako, saura kawai a cire duka ashirin da ɗaya ko ashirin da biyu a dasa sababbi, aikin kwanaki ne na hannu, kuma a kan jitar matsakaicin kuɗi ba ya biyan kansa. Kada a yi ƙyuiya a nan: a kaɗa kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, daga farko har ƙarshe, ba tare da amfilifaya ba. Sauti kusan ɗari da talatin ne, ba zai ci minti biyar ba. Zizar da ke ko'ina daidai wa daida alamar saiti ce kawai, an sauke tsirkiya ƙasa da yawa. Zizar da ke wuri guda, ko sautin da ke mutuwa a ƙarfe ɗaya tak, yana nuna wani ƙarfen ya ɗago ko ya lotsa.

Mai saye a Kano ko Zinder ko Agadas yana da ƙarin dalilin da ɗan Landan ba shi da shi na damuwa da wuya. Masu ƙera jita suna son a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu danshin ƙasarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya haura sama sosai. Katako yana shan danshi yana fitarwa, yana kumbura yana tsukewa, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Shi ya sa jitar da ta sauka daga kwantena a Legas ko Kwatano lafiya lau, bayan wata biyu a arewa sai ka shafa gefen wuyanta ka ji bakunan ƙarafan sun fito suna kartar tafin hannu: katakon ne ya tsuke ya bar su a waje. Wannan ƙaramin aibi ne, ana goge bakunan da zarto mai laushi sau ɗaya a lokacin sanyi, shi ke nan. Amma irin wannan juyin yanayi ne kuma yake tona asirin katakon da ba a busar da shi sosai ba kafin a sassaƙa, ya murɗe ko ya tsage. A nan jitar hannu ta fi sabuwa da wani abin da kuɗi ba ya saye. Wadda ta ga hunturu uku ko huɗu a wannan ƙasa wuyanta bai kauce ba, ta riga ta nuna halinta. Sabuwar da ke cikin kwali ba wanda ya san abin da za ta yi a watan Janairu. Don haka tambayar da ta fi "wace shekara aka yi ta" amfani ita ce "tun yaushe take garin nan".

Tsaga iri biyu ce, kuma bambanta su yana ceton kuɗi ta fuska biyu. A jitoci masu wuyan noti, kusan kullum za ka ga siririn layi a fenti daidai kusurwar da wuya ya shiga ganga. Fenti ne ya tsage, katakon lafiyarsa ƙalau, bai kamata ya tsorata kowa ba. Wadda ake tsoro tana bayan kai. Les Paul, wadda Gibson ya fitar a 1952, da 'yan uwanta, kansu a karkace yake zuwa baya, an sassaƙa shi daga katakon mahogani, dangin maɗacinmu, kuma daidai inda ya karkata nan ne aka rarake ramin notin rodi, wurin ya zama siriri. Faɗuwa ɗaya daga jikin bango ta isa ta karya shi. Ka kai bayan kan wurin haske, ka nemi layin da ya ratsa, ko wurin da launin fenti ya yi duhu fiye da sauran, alamar an fesa don a rufe. Karayar da gwani ya haɗa da gam mai kyau tana iya riƙewa shekara da shekaru, amma farashin jitar ya faɗi ƙwarai, kuma mai sayarwar da ya ɓoye ta zai ɓoye wasu.

Kayan wuta ba sa buƙatar dogon bayani. A haɗa ta da amfilifaya, a kai makunnin zaɓe kowane matsayi, a ɗan ƙwanƙwasa kan kowane maɗauki da bakin makulli. Mai rai zai amsa da ƙara. A juya maburgai: ƙarar kar-kar ƙura ce, wadda ba ta da wuyar samu a nan, kuma feshin wanke kayan lantarki yana kore ta. A girgiza kebul a raminsa, in sauti yana yankewa, ramin ya saki. A taɓa tsirkiyoyi: in gurnanin da ake ji ya ragu, wayar ƙasa tana nan, in bai canza ba, ta tsinke a ciki, ɗigon dalma ɗaya ne. Duk waɗannan, da tsatsar noti da ƙujewar fenti, abin farin ciki ne ga mai saye da ya san ciniki, domin su ne hujjarsa ta neman ragi alhali gyaransu bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce, to ai ba wuya ake ji a lasifika ba, maɗaukin sauti ake ji, yaya za a mayar da shi abin baya? Maganar tana da tushe. A jitar lantarki maɗauki da amfilifaya su ne suka fi komai tasiri a kan amon da ke fita, sun fi irin katakon ganga nesa ba kusa ba. Maɗauki mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, amonsa garau ne mai kaifi, irin wanda ake ji a kiɗan jitar Agadas, amma yana kwaso gurnanin wutar gida. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, yana kashe gurnanin, amonsa kuma ya fi kauri. Lallai mai saye ya san wanne kiɗansa ke so. Sai dai muhimmancin abu daban, wahalar canza shi daban. Maɗauki noti biyu ne da waya biyu zuwa huɗu, kuma na hannu masu kyau suna yawo a kasuwa saboda makaɗa ba sa gajiya da canje-canje. Wanda ya sayi wuya mai kyau da maɗauki matsakaici zai kaɗa yau, baɗi in ya sami sarari ya canza. Wanda ya sayi maɗauki mai tsada a kan murɗaɗɗen wuya, amon mai daɗi ne zai riƙa fitar masa da sautin da bai zauna daidai ba, yatsunsa kuma su gaji kafin a gama waƙa ta uku. Mdou Moctar na Nijar da jitar da ya haɗa da kansa ya fara koyo, da katako da wayar birkin keke. Abin da hannu ke iya dannawa shi ne farko, amo yana zuwa daga baya.

Sai batun suna, inda kuɗin mutane suka fi zurarewa. Tarihin sana'ar da kansa ya karya zaton cewa inganci yana bin ƙasar da aka rubuta a kai. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kuma a shekarun 1970 makaɗa suka yi ta kukan cewa aiki ya ja baya: ganga ta yi nauyi, fenti ya yi kauri, wuya ba ya zama daram a gurbinsa. A daidai lokacin ne masana'antun Japan suke fitar da kwaikwayo da sunaye irin su Tokai da Greco da Ibanez, aikinsu kuma ya kai inda a 1977 kamfanin da ke mallakar Gibson ya kai masu rarraba Ibanez a Amurka kotu a kan siffar kai. Fender kuwa sai ya zaɓi haɗa kai da su: a 1982 aka kafa Fender Japan, masana'antar FujiGen ta riƙa ƙera masa, aka kuma fito da sunan Squier don masu ƙaramin ƙarfi. Da CBS ya sayar da kamfanin a 1985 ba tare da masana'antar Fullerton ba, na ɗan lokaci jitocin Japan ne suka riƙe sunan Fender a kasuwa. Daga baya aka buɗe masana'antar Ensenada a Meziko, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga ta Corona a Kaliforniya. Gibson shi ma tun 1957 ya mallaki Epiphone, wanda a yau yawancin kayansa a Sin ake yi. Kamfanin Cort na Koriya ta Kudu, mai masana'anta a Indunusiya, yana ƙera wa kamfanoni da dama, kowanne a buga masa sunansa. Yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake sassaƙa wuya da ganga a dukan waɗannan wurare. Abin da ya rage na bambanci shi ne lokacin da ma'aikaci ya ɓata a kan goge ƙarafa da yanka matashin da tsirkiya ke hawa a kai, da ingancin ƙananan kayan ƙarfe, da albashin ƙasar. Saboda haka filin mai matsakaicin kuɗi a fili yake: Fender 'yar Meziko, ko jerin Standard ko Player da ya gaje shi a 2018, Squier ta jerin Classic Vibe da aka fara a 2008, Yamaha Pacifica, wadda ke kasuwa tun 1990, PRS SE, Epiphone da Ibanez na tsakiya, da duk wata 'yar Japan da ta faɗo a farashi mai sauƙi. A ganina Pacifica ce aka fi rainawa a cikinsu ba da haƙƙi ba, kuma rainin nan riba ne ga mai saye, don yana danne farashinta.

Masu kare babban suna suna da hujja guda mai ƙarfi: ranar sayarwa. Gibson ko Fender 'yar Amurka tana riƙe darajarta, ana samun mai so da wuri. Haka ne, amma hujjar ta fi amfanar mai kuɗin sayen lafiyayya. Da matsakaicin kuɗi, 'yar Amurkan da za ta zo hannunka ɗaya ce cikin uku: mai karyayyen kai, wadda aka cinye ƙarafanta, ko jabu. Jabun kuwa ba kaɗan ba ne. A watan Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun Gibson fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In har ana yunƙurin shigar da su ƙasar da ake ƙera na ainihin, ba sai an faɗi abin da ke shiga kasuwannin da ba mai dubawa ba. Akwai alamomin da ke taimakawa. Murfin notin rodi na Les Paul ta Gibson noti biyu ne ke riƙe shi, jabu da yawa uku suke sawa. Lambar Fender 'yar Meziko tana farawa da MN a shekarun 1990, MZ a shekarun 2000, MX daga 2010. Amma masu jabu su ma suna karatu, kuma tambarin kan Fender takarda ce da ake mannawa. Kariya mafi inganci ita ce sayen abin da ba ya biyan mai jabu wahalarsa. Kuma jitar tsakiya da aka saya ta hannu, mai ita na farko ya riga ya ɗauki faɗuwar farashin. In ka kula da ita, kusan abin da ka biya za ka karɓa.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa a sayi sabuwa mai araha a huta. Gaskiya ne jitar araha ta yau ta fi ta shekara talatin da suka wuce nesa, kuma ga wanda ke zaune inda shago zai karɓi kaya in sun ba da matsala, shawara ce mai kyau. Amma a duba inda masana'anta ke rage kuɗi in tana son ta sauke farashi: a kunnuwan ɗaure tsirkiya, a jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan ganga, a matashin roba, a lokacin busar da katako, a aikin hannu na ƙarshe. Wato a daidai wuraren da ke sa jita ta riƙe saiti ta kuma yi daɗin dannawa. Kuɗin da zai sayi sabuwa ta matakin ƙasa sau da yawa zai sayi ta hannu ta matakin da ke sama da shi, inda ba a yi wannan tsumulmular ba. Takardar garanti kuma, ga wanda ya sayi kayansa a Sabon Gari ko aka aiko masa daga Alaba, sau nawa ta taɓa dawo wa wani da kuɗinsa? Garantin da ke aiki a nan shi ne idonka kafin ka biya.

Kishiyar wannan kuskure ita ce ɗaukar tsufa a matsayin daraja. Dillali zai ce maka tsohon katako ne, irinsa ya ƙare. Tsufa ba ya gyara jitar da aka yi ta ba daidai ba, kuma kowace shekara tana cin ƙarafa. Farashin tsofaffin jitoci na 1950 da 1960 masu tara kayan tarihi ne suka ɗaga shi, ba ruwan mai neman abin kaɗawa da wannan kasuwa.

Abu biyu ne zan ce mai matsakaicin kuɗi ya yi taka-tsantsan da su ko da wuyan lafiya lau ne. Na farko jaki mai kulle irin na Floyd Rose, wanda aka ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1970 don a riƙa lanƙwasa sauti da hannun ƙarfe ba tare da saiti ya gudu ba. Na ainihi yana aiki, amma na arahar da ake sa wa jitocin tsakiya ƙarfensa mai laushi ne, bakin da yake lilo a kai yana dakushewa, daga nan kuma ba ya komawa mazauninsa. Ga shi tsirkiya ɗaya in ta tsinke sauran biyar duka sun kauce, abin da ba mai so a tsakiyar biki. Na biyu maɗaukai masu batir, waɗanda in sun mutu ba a buɗe su a gyara. Bayan haka sai dacewa da jiki, wadda ba mai iya yanke maka hukuncinta. Tsawon tsirkiyar Fender daga matashi zuwa jaki milimita 648 ne, na Gibson kusan 628. Bambancin santimita biyun nan yana sa ta biyun ta fi laushin dannawa, ratar ƙarafanta kuma ta fi dacewa da gajerun yatsu. Amma Les Paul takan kai kilo huɗu ko fiye, wanda zai tsaya da ita sa'a uku a rataye ya gwada ta a tsaye kafin ya ce yana so.

Saura mai cewa shi sabon shiga ne, duk wannan dube-dube ya fi ƙarfinsa. Gwaje-gwajen da aka bayyana a sama ba su buƙatar iya kiɗa, ido da haƙuri kawai suke so, kuma wayar hannu tana da manhajar saita tsirkiya kyauta. Da ita za ka yi gwaji na ƙarshe: saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a ƙarfe na goma sha biyu, wanda yake daidai tsakiya. Sunan sautin ɗaya ya kamata manhajar ta nuna. In ya ɗan kauce, notin jaki ne ke gyarawa. Sai dai ka duba ko an riga an tura notin har ƙurya bai isa ba. Duk da haka, tafiya da makaɗin da ya daɗe a hannu ta fi, ko da za a ba shi ɗan goro, da sharaɗin ba shi da kaso a wurin mai sayarwa. Sayen nesa, ta hoto a WhatsApp ko Facebook, shi ne inda hujjar wannan babi ta fi rauni, domin hoto yana nuna suna da fenti sarai amma ba ya nuna murɗewa. In babu makawa, a nemi bidiyon da aka kaɗa kowane ƙarfe, da hoton bayan kai a rana, da hoton ƙarafa biyar na farko daga kusa, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaida kafin kuɗi su fita. Jitar da aka kankare lambarta, ko mai ita ya kasa faɗin inda ya samo ta, a bar ta komai arahar. Kayan makaɗa da na majami'u suna cikin abin da ɓarayi ke so.

Kada kuɗin su ƙare a kan jitar ita kaɗai. Ina ba da shawarar a ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don sababbin tsirkiyoyi, da saiti a hannun wanda ya iya, da kebul mai kyau, da jaka mai kauri da za ta tare ƙura da rana. Jitar tsakiya da aka yi wa saiti mai kyau ta fi mai tsada da aka bari yadda ta zo daɗin hannu. Batun amfilifaya na babi na gaba ne, sai dai gargaɗi ɗaya ba zai jira ba, don sau da yawa tare ake sayar da su: wadda aka yi don Amurka wutar 120 take ci, ta Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma cusa ta a soket ba tare da taransifoma ba yana ƙona ta nan take. A karanta rubutun da ke bayanta tukuna.

In an zo ciniki, ka lissafa wa mai ita ƙananan aibobin ɗaya bayan ɗaya tare da kuɗin gyaran kowanne, ka yi tayinka a kan haka, cikin mutunci. A kan maburgi mai ƙara, da ramin kebul, da fenti, da tsatsa, ka karɓi ragi ka ɗauka. A kan mataccen rodi ko murɗaɗɗen wuya kada ka karɓi ragi ko nawa ne. Ka yi masa godiya, ka mayar masa da kayansa.